Wai ni da kunne nake koyo

A shekarata ta farko a jami'a na yanke wa kaina hukunci cewa da kunne nake koyo. Duk lakca sai na naɗe ta a waya, da daddare in kwanta ina saurare, ina gyaɗa kai kamar komai ya shiga. Ranar jarrabawa aka tambayi abin da na saurara har sau uku. Muryar malamin na tuna, har da inda ya tsaya ya yi tari, amma bayanin ko sama ko ƙasa.

Wannan rabe-raben da ake yi, wai wani da ido yake ganewa, wani da kunne, wani sai ya karanta ya rubuta, wani kuma sai ya taɓa da hannu, Neil Fleming ne, wani malami a ƙasar Niyu Zilan, ya tsara shi a 1987 da sunan VARK, wato haruffan farko na sunayen waɗannan hanyoyi huɗu a Turanci. Yana da daɗin ji. Sai dai a 2008 wani masanin halayyar ɗan Adam, Harold Pashler, da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa koyar da ɗalibi ta hanyar da ya fi so na ƙara masa fahimta ba.

A ganina darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Lissafi ba ya shiga da saurare, dole ka riƙe biro ka sha wuya. Taswira kuwa sai ido.

Abin da ya cece ni ba shi da daɗi ko kaɗan. In rufe littafi, in ɗauko farar takarda, in rubuta duk abin da na tuna. Ranar farko layi huɗu na iya, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Ashe a 2006 wasu masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada haka: bayan mako guda, ɗaliban da suka riƙa gwada kansu sun fi masu maimaita karatu tunawa, alhali masu maimaitawar ne suka fi jin cewa sun iya.

Ba na cewa ka yi watsi da halinka. Ni dai da zarar sha biyun dare ta wuce, kallon takarda kawai nake. Karatun taro ma hira yake zame mini. Abokin zamana kuwa ba ya gane abu sai ya yi wa wani bayaninsa, in ya rasa mutum bango yake yi wa lakca, hannu na tashi sama. Sau biyu ina shigowa in tarar da shi haka, na ja ƙofa a hankali na koma.