Kafin a rage kwanakin buɗe laburare saboda intanet

Duk lokacin da asusun hukuma ya yi rauni, ba a rasa mai kawo shawarar a rage kwanakin buɗe ɗakin karatu na jama'a, tunda a ganinsa komai ya koma cikin waya. Shawarar tana da daɗin ji, domin laburare da dama sun daɗe da buɗe wa masu katinsu ƙofa a intanet. Manhajar Libby, wadda kamfanin OverDrive ya fitar a 2017, tana bai wa mutum damar aron littafi ko sauraron wanda aka naɗa da murya yana zaune a gida, shirin Project Gutenberg da Michael Hart ya kafa a 1971 kuwa ya tara littattafai fiye da 70,000 waɗanda kowa ke saukewa kyauta.

Sai dai masu wannan shawara ba su cika faɗin yadda cinikin yake ba. Idan laburare ya sayi littafin takarda, ya zama nasa, zai ba da aronsa har sai ya yage. Na intanet kuwa galibi lasisi ake saya, wato haya ce mai wa'adi, kuma mai buga littafin shi ne ke yanke sharaɗi. A 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade cewa bayan an ari littafinsa na intanet sau 26, dole laburare ya sake biyan kuɗi. A 2019 kamfanin Macmillan ya hana laburare sayen fiye da kwafi ɗaya na sabon littafi a makonni takwas na farko, bai janye ba sai a watan Maris na 2020. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, littafin da ba ya da nauyi kuma ba ya ƙarewa, sai mai karatu ya bi layi kafin ya same shi, domin yawancin lasisin mutum ɗaya yake bai wa izini a lokaci guda. Laburaren da ya rufe zaurensa ya zuba kuɗinsa duka a nan, ya mayar da kansa ɗan haya a gidan da ba shi da ta cewa.

Akwai kuma tambayar wa zai amfana. Taskar mujallun ilimi da darussan koyon harsuna da tsofaffin jaridu da aka ɗora a shafin laburare sun fi isa ga wanda ya riga ya iya nema. Dattijon da bai taɓa buɗe adireshin imel ba, da mai neman aikin da aka ce ya cike takarda ta intanet alhali ba shi da kwamfuta, suna bukatar wani ya zauna kusa da su ya nuna musu. Aikin tarurrukan laburare ke nan: ajin koyon kwamfuta, lokacin karanta wa yara labari, zaman taimaka wa masu rubuta takardar neman aiki. A ganina, waɗannan tarurruka su ne ke samar wa kayan intanet ɗin masu amfani da su, don haka kuskure ne a riƙa lissafa su a matsayin abin da za a fara yankewa.

Finland, ƙasar da ba ta da ƙarancin intanet ko kaɗan, ta buɗe babban laburaren Oodi a Helsinki a Disambar 2018, ta cika shi da ɗakunan taro da kekunan ɗinki da ɗakunan naɗar sauti. Sanarwar UNESCO kan ɗakunan karatu na jama'a, wadda aka fara fitarwa a 1949 aka sabunta a 2022 tare da IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, ta sanya koyar da jama'a amfani da fasahar zamani cikin ayyukan laburare.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne wajen talla. Laburare da yawa suna biyan kuɗin taskokin da masu katinsu ba su ma san da su ba, suna kuma shirya taro da hantsi, lokacin da ma'aikata da ɗalibai ba za su samu zuwa ba. Gyaran wannan bai kai tsadar lasisi ba: a mayar da wasu tarurrukan yamma ko ƙarshen mako, kuma duk wanda ya zo karɓar kati, a nuna masa yadda zai shiga taskar da wayarsa kafin ya fita.