Ni da Saniyar Valais

Wani mutumina ne ya ja ni. Shi ne ya ce mu hau tsaunin Alps a Suwizalan, wai ɗan tattaki ne kawai, mu kwana a masaukin masu hawan dutse can sama, mita 2,600 da ɗoriya, da safe mu gangaro. Allon rawaya na bakin hanya ya ce awa 3 da minti 30. Su a can lokaci suke rubutawa, ba kilomita ba, kuma Allah kaɗai ya san ƙafar wa suka auna. Mu awa 7 muka yi.

Da muka wuce inda itatuwa suka ƙare sai ga makiyaya kore shar, ƙararrawa na ta kaɗawa a wuyan shanu. Shanun yankin Valais baƙaƙe ne, gajeru, masu kaurin wuya, Hérens ake ce musu. Har gasar karo ake yi da su, matan ke kafsawa a fitar da sarauniya. Wannan duk daga baya na sani. A lokacin cika baki nake yi, ina cewa saniya ai saniya ce, wa zai koya mini shanu.

Sai ɗaya ta ɗago kai ta nufo ni. Na daka mata tsawa, "Ke!" Ashe ba ta jin Hausa. Na ja da baya, ta matso. Na ɗaga ƙafa, ƙararrawa ta ƙara sauri a bayana. Jama'a, sai na ari na kare. A gabana akwai wata 'yar siririyar igiya da aka ja a jikin sanduna, ko ƙuguna ba ta kai ba. Na sa hannu biyu na damƙe ta don in tsallaka. Wutar lantarki ce a jiki. Kuma wutar nan bugawa take yi kusan duk daƙiƙa ɗaya, don haka da ta farko ta buge ni sai na tsaya riƙe da igiyar ina tunanin wa ya mare ni. Ta biyu ce ta yi mini bayani. Salatin da na saka, dutse ya dawo mini da shi sau uku. Na faɗi zaune daɓas a kan kashin shanu, ɗanye. Saniyar ta ƙaraso a nitse, ta lashe jakar bayana. Gishirin gumi kawai baiwar Allah take nema.

Mutumin naku kuwa yana gefe yana ɗaukar bidiyo, wai "Malam, sake yi, ban samu farkon ba."

Amma wallahi ba shi ya fi ƙona mini rai ba, wata tsohuwa ce. Za ta haura saba'in, da sandunanta biyu. Tun a ƙasa ta wuce mu da "Bonjour" ɗinta. Ta hau, ta sha shayinta, ta juyo, duk muna hanya. Daidai ina zaune a kashin nan ta iso. Da ma dariya ta yi, da sauƙi. Sai ta kama wani mariƙin roba da ke ƙarshen igiyar, taku biyu daga inda nake, ta cire, ta wuce, ta mayar. Ƙofa ce. Ta dube ni ta ce "Bonjour" karo na biyu. Iya, me na yi miki?

Mun isa masaukin an riga an sha miyar dare. Ba a shiga da takalmin hawa, sai silifa ɗinsu, kuma wanda ya rage daidai ƙafata ruwan hoda ne. Ƙarfe goma aka kashe fitila, mu wajen ashirin a ɗaki ɗaya. Wandon na shanya a waje, da safe na tarar ya daskare.

Bidiyon yana wurinsa har yanzu. Ya ce zai goge.