Fanka a gyara ta, tsohon firiji a yi lissafi

Jama'a, a batun ko a gyara tsofaffin kayan lantarki ko a sayar wa 'yan gwangwan, ina tare da masu gyara. Fankar da koyil ɗinta ya ƙone, a kai wa mai naɗi ya sake naɗa shi, ta ƙara shekaru tana aiki. Haka dutsen guga, haka injin markaɗe. Kuɗin ya tsaya a Gusau, yaron shago ya koyi sana'a. Sayar wa 'yan gwangwan irin waɗannan a kan kilo asara ce tsagwaronta.

Firiji ne ban yarda a yi masa wannan hukunci ido rufe ba. Da yawan na hannu da ake kawo mana sun gama rayuwarsu a Turai kafin su iso. Robar ƙofa ta saki, kwamfuresa ba ta hutawa, ga zafin watan Afrilu. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo tana ganin ta yi arha, alhali ribarta na tafiya a man janareto da cikon gas. Mai sola ma ya sani, irin wannan firijin ne ke kashe batir kafin asuba. Kuma mafi tsufa cikinsu na ɗauke da gas ɗin R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana cinye rigar ozone ta sararin sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. Duk yoyo sama yake tafiya.

Amma abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake fasa shi. A sare bututu gas ya fice, a tara wayoyi a cinna musu wuta don a fitar da jan ƙarfe, yara na tsaye cikin hayaƙin. Batir kuma a fasa, a zubar da ruwansa a ƙasa, a kwashi dalma. Mu Zamfarawa ne za a koya wa illar dalma? A 2010 yara kusan 400 muka rasa a yankunan Anka da Bukkuyum. Wancan daga niƙan dutsen zinariya ne, amma gubar ɗaya ce.

Ba na neman a hana 'yan gwangwan cin abinci. A ba su fili nesa da gidaje, a riƙa feɗe waya maimakon ƙonawa, mai gyaran firiji ya zuƙe gas kafin a sa guduma. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli ta tarayya, tana da dokar sharar kayan lantarki tun 2011, ya kamata gwamnatin jiha ta nemi a aiwatar da ita a nan.