Ƙannena Masu Saka Windows, Me Ke Cikin Filashin Nan?

Assalamu alaikum ƙannena masu gyaran kwamfuta, da ɗaliban da suke taɓa sana'ar a ɗakin kwana don samun na kati da na abinci. Maganata yau a kan filashin nan ne da kowannenku ya rataya a jikin makullinsa, wanda da an kawo laftof tana nauyi sai a zaro shi a ce, "Fomatin kawai za a yi mata."

Na sha tambayar yara a shago, "Wannan Windows ɗin daga ina ka samo shi?" Amsar ba ta wuce biyu: oga ne ya ba ni, ko wani abokina ne ya kwafa min. In ka bi ogan, shi ma wani ne ya ba shi. Babu wanda ya san hannun farko da ya haɗa shi, kuma filashin nan ɗaya zai shiga kwamfutoci masu yawa kafin shekara ta zagayo: ta malamin makaranta, ta mai POS, ta ma'aikaciyar asibiti, ta ɗan kasuwar da yake shiga asusun bankinsa kullum.

Ku fahimci bambancin wannan filashi da wanda ake zuba waƙoƙi. Shi kwamfuta take fara karantawa tun kafin komai ya tashi, kuma abin da ya shimfiɗa shi ne tushen da sauran manhajoji za su zauna a kai. In an cusa mugun abu a cikin babbar manhajar kanta, manhajar kashe bairos ɗin da ka ɗora daga baya a kan ƙazanta take zaune, ba lalle ta ga komai ba. Kuma wannan ba tsoratarwa ba ce. A ranar 20 ga Fabrairun 2016 wasu suka kutsa shafin Linux Mint, wata babbar manhaja da ake sakawa a madadin Windows, suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi na Mint 17.3 Cinnamon da aka buɗe wa ƙofar baya. Shugaban aikin, Clement Lefebvre, ya fito ya sanar, ya buga lambobin tantancewa na gaskiya, ya ce wanda fayil ɗinsa bai dace da su ba ya goge shi, wanda kuwa ya riga ya saka ya sake sakawa daga farko kuma ya canza kalmomin sirrinsa. To, in har mutanen da suka je shafin masu abu da kansu sun faɗa rami na yini guda, ina ga wanda ya karɓi nasa daga hannu na goma?

Hanyar a buɗe take. Microsoft tana ba da fayil ɗin ISO na Windows, wato fayil guda mai ɗauke da duk kayan sakawa, kyauta a shafinta, tana kuma da Media Creation Tool da zai haɗa maka filashin da kansa, muddin ya kai giga 8. Ubuntu da Mint, manyan manhajoji na dangin Linux, su ma kyauta suke a shafukansu. Na san abin da za ku ce: data. Windows 11 ya haura giga biyar, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga yaron da yake koyon aiki. Amma ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi karo-karo, ku sauke shi sau ɗaya cikin dare, ku ajiye shi wuri mai tsabta. Kafin ku rubuta shi a filashi ku tantance. Kowane fayil yana da wata lamba mai haruffa 64 da ake kira SHA-256, tamkar zanen yatsa, ko ɗigo ɗaya aka canza a fayil ɗin sai ta sauya gaba ɗaya. Masu manhajar suna buga tasu a shafin saukewa. Kai kuma ka fitar da taka da umarnin Get-FileHash a PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows, ko ka danna ɗan maɓallin da ke gefen sunan fayil a cikin Rufus, manhajar rubuta filashi. Minti biyu ne. Ko babu mugun nufin kowa, yana nuna maka in intanet ta yanke fayil ɗin ya zo a gutsure, wanda shi ne sanadin sakawar da take tsayawa a tsakiya ka rasa dalili.

Sai kuma Windows ɗin nan da ake yayi, wai an rage masa nauyi, wai ya zo a kunne ba sai an nemi lasisi ba. Ku tambayi kanku, me aka cire har ya yi sauƙi? Sau da yawa Defender ne, manhajar tsaron Windows, da hanyar karɓar sabuntawa, wato mai gadi da likita aka kora daga gidan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin laftof ɗin hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka suna da lasisinsu na halal. Tun zamanin Windows 8 a 2012 kamfanoni suke binne mabuɗin lasisin a cikin babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard). Ka saka irin wanda ta zo da shi, Home ko Pro, ka haɗa ta da intanet, ita da kanta za ta kunnu. Amma sai yaro ya kashe tsaro da hannunsa, ya ɗora manhajar fasa lasisi da bai san wanda ya rubuta ba, a kan na'urar da ba ta buƙata. Araha ba ta ado, balle wannan da ko arahar ba ta kawo ba.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi.

Shekarun baya wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta kawo min laftof ɗinta gab da lokacin miƙa furojet. Ta yi hankali irin nata, ta kwashe aikinta duka ta zuba a filashinta, ta ba ni ta ce in duba mata ko sun kwafu daidai. Na soka shi a tawa kwamfutar na duba, suna nan. Ban zare ba. Na soka nawa filashin a gefe, na buɗe Rufus don in sabunta shi. Duka biyun giga 16 ne. Manhajar ta fito da gargaɗi da manyan haruffa cewa duk abin da ke kan wannan na'ura zai hallaka, ta kuma rubuta sunan na'urar. Na ga gargaɗin nan sau ɗaruruwa, don haka ban karanta ba, na danna. A lokacin na riga na goge laftof ɗin. Da na lura, an rubuta fayilolin Windows a kan wurin da aikinta yake. Na kwana ina gwada manhajojin dawo da fayil, abin da na samu gutsattsari ne, babi ɗaya da rabi. Bayanan da ta yi wata biyu tana bin ƙauyuka tana tattarawa sun tafi. Ba ta zage ni ba. Zama ta yi a kan benci tana kuka a hankali, tana cewa, "Malam, ai na ba ka ka duba." Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Tun daga ranar, kafin in rubuta filashi sai na zare duk wani abin ajiya da ke jikin kwamfutar, ya rage nawa shi kaɗai, kuma sai na karanta suna da girman da aka nuna min da baki. Masu rubuta filashi da umarnin dd a Linux, ku naku ya fi haɗari, don shi ko tambaya ba ya yi. Kuskuren harafi ɗaya a sunan na'urar ajiya, kamar tsakanin sda da sdb, ya isa ya share rumbun kwamfutarka kaf.

Haka in ka iso shafin da ake zaɓar ɓangaren rumbun da za a saka Windows. Kada ka danna gogewa sai ka zauna da mai ita ka tambaye shi: hotunan iyali fa, takardun aiki fa, kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza fa? Mutane da yawa ba su san ma'anar fomatin ba, sun ɗauka wanka za a yi wa kwamfutar ta dawo da kayanta. In Windows ɗin ya ƙi tashi, wannan ba hujjar share komai ba ce. Ka ajiye filashi na biyu mai Ubuntu ko Mint, ka tashi kwamfutar da shi ba tare da ka saka ba, ka kwashe fayilolin zuwa wani rumbu, sannan ka yi aikinka. Ka kuma duba ko rumbun yana kulle da BitLocker, makullin bayanai na Windows, wanda sababbin kwamfutoci da yawa suke zuwa da shi a kunne. In yana kulle, sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita. A nemo shi tukuna kafin a taɓa saitin BIOS, wato tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Kuma yayin kwashewa, kwafa aka ce ka yi, ba buɗewa ba. Hotunan matar mutum da saƙonninsa amana ce aka ajiye a teburinka.

Ɓangaren ilimin kansa ba shi da wuya, raina shi ake yi. Wani zai jefa fayil ɗin ISO cikin filashi kamar waƙa, kwamfuta ta ƙi tashi, ya ce filashin ne ya lalace. Dole a rubuta shi da manhaja irin Rufus, wadda Pete Batard ya fitar tun 2011, ko balenaEtcher. Ventoy, da ta fito a 2020, ita ce za ka saka sau ɗaya sannan ka riƙa zuba fayilolin ISO iri-iri ka zaɓa lokacin tashi. A Rufus, wajen zaɓar tsarin raba rumbu, kwamfuta mai UEFI, wato sabon tsarin da ya gaji BIOS, ka zaɓar mata GPT, tsohuwa mai BIOS zalla ka zaɓar mata MBR. Kuma tsarin ajiyar fayil na FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, shi kuwa babban fayil ɗin install.wim na Windows na yanzu ya wuce haka, shi ya sa kwafin hannu yake tsayawa. Filashin jabu ma suna nan, a rubuta giga 64 a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Gwada sabon filashi da manhajar H2testw kafin ka dogara da shi.

Akwai maganar da nake so ku riƙa faɗa wa kwastoma ko da ba za ta yi masa daɗi ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da sabon furosesa, abin da tsofaffin laftof ɗinmu da yawa ba su da shi. Rufus yana da akwatin da za ka danna ya tsallake waɗannan sharuɗɗa, kuma yana aiki. Ban hana ku ba. Amma ka gaya wa mai ita cewa kamfanin bai lamunce wa na'urarsa sabuntawa ba, kada ka karɓi kuɗinsa ka ce "ta hau 11 lafiya lau" ka yi shiru. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ɓoye aibin aiki algus ne ko da a cikin na'ura aka yi shi. Wanda buƙatarsa rubutu ne da intanet, ka nuna masa Mint daga filashi ya taɓa ya gani, ya zaɓa da kansa.

In ka gama haɗa filashi, gwada shi a kwamfutar shago ranar da babu kowa a kanka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Maɓallin zaɓar inda za a tashi F9 ne a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo da Acer. Kada ka fara sakawa da batirin da ba ya riƙe caji alhali ba ka da tabbacin wuta. Filashin sakawa kuma ka ware shi don wannan aikin kaɗai, kada ya zama shi ne na kai takardu wurin buga firinta. Ka manna masa 'yar takarda ka rubuta sunan abin da ke ciki da ranar da ka haɗa shi, in sabon fitowa ya zo ka sake saukewa daga shafin masu shi, ka sake gwada lambar.