Wata huɗu a waje aike ne, ba ƙaura ba

Assalamu alaikum ƙannena 'yan jami'a, na Dang (inda jami'ar Gaundare take) da na Marwa da na nan Garwa, a arewacin Kamaru.

Makon jiya wani yaron unguwarmu ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, bakinsa ya ƙi rufuwa, wai sunansa ya fito cikin waɗanda za su je Turai karatun zango ɗaya. Na yi masa barka. Sai na ce, "To ƙanena, darussa nawa za ka ɗauka a can, kuma wa zai sa maka hannu a nan kafin ka tashi?" Ya yi tsuru-tsuru. Sunan garin ya sani, da irin rigar sanyin da yake son saya. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma haka na tafi, kuma na ɗanɗana kuɗata.

A tsarin da muke bi na lisans (digirin farko) da masta da dakta, zango ɗaya kiredi 30 ne, wato ma'aunin nauyin darussan da aka ɗauka. Kafin ɗalibi ya tafi akwai takardar yarjejeniyar karatu da ake cikewa: ga darussan da zai ɗauka a can, ga waɗanda za su maye gurbinsu a nan, shi ya sa hannu, sashensa ya sa, masu masaukinsa su sa. Ni na cike tawa a gaggauce, da na isa kuma na sauya darussa biyu saboda wani aboki ya ce sun fi sauƙi, ban sanar da kowa a gida ba. Na dawo da maki masu kyau, aka duba aka ce waɗannan ba sa cikin abin da aka yi alkawari. Gaskiyarsu ce. Zango guda na maimaita, ina zaune aji ɗaya da yaran da na yi wa bankwana ina ɗaga kafaɗa.

Sai maganar kuɗi, inda yawancinmu ke zamewa. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. In aka ce za a ba ka yuro 800 a wata, ka buga lissafi sai ka ga sefa dubu 524 da ɗoriya, alhali kuɗin rajistar shekara a jami'o'in gwamnati sefa dubu 50 ne. Kai ya ɗau zafi, labari ya bazu a dangi, kafin ka hau jirgin ƙasan dare daga Gaundare zuwa Yawunde an riga an rubuta maka jerin wayoyi da turare. Amma kuɗin can a can ake cinye shi. Hayar ɗaki kaɗai na iya lashe rabi, ga kuɗin ajiya da ake karɓa kafin a ba ka mabuɗi, ga katin mota, kuma sau da yawa tallafin ba ya shigowa ranar da ka sauka. Ka tafi da ɗan guzurin da zai riƙe ka makonnin farko, ka kuma gaya wa Inna da Baba gaskiyar lissafin tun kana gida. Kunyar minti biyar ta fi rigimar wata huɗu a WhatsApp.

Addininka ma ka yi masa shiri kamar yadda kake yi wa fasfo. Tun farkon shekarun 1990 akwai zumunci tsakanin jami'ar Gaundare da ta Tromso a can arewacin Norway, kuma 'yan yankinmu da dama sun yi karatu a wurin. Garin nan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta ɓullowa, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli kuma ba ta faɗuwa. Wanda ya saba jin kiran magariba da zarar rana ta ɓuya bayan Binuwai, yaya zai yi da sallarsa da azuminsa? Musulmin garin da yawa lokutan Makka suke bi a irin waɗannan watanni, amma wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka tun kana nan, ba sai ka tsinci kanka cikin duhu da ƙarfe 12 na rana ba. Ko ba can za ka ba, ka san inda masallaci yake, ka koyi karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin abinci.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne masu zuwa su kulle kansu. Mutum ya tsallake hamada da teku, sannan ya ƙare a ɗaki da 'yan garinsu uku, suna tuƙa tuwo suna hirar unguwar Rumde Ajiya ta Garwa har zango ya ƙare. Ba laifi ba ne a yi kewar gida, ni ma na tafi da garin kuka da kilishi na kusa rasa su a filin jirgi, domin Turai ba a shiga da nama cikin kaya. Amma ɗakin karatun da ke buɗe har tsakar dare, da ɗakin gwajin da injinansa ke aiki, da malamin da ke ware sa'a guda a mako don ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, su ne abin da aka aike ka nema. Hoto a gaban dusar ƙanƙara kowa ma ya iya.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Akwai masu tafiya da niyyar kada su dawo. Bizar gajeren zama ta Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kwana 90 ce cikin kwana 180, wadda ake ba ɗalibin zango ma tana da ranar ƙarewa a rubuce. Wanda ya zarce ya ɓuya, ya zama marar takarda: ba aikin kirki, ba makaranta, ba halin zuwa jana'izar mahaifi. Na san wanda ya bar lisans saura zango ɗaya, yau shekara da shekaru yana wanke-wanke da sunan wani. Kuma ba kansa kaɗai ya cuta ba. Waɗannan tafiye-tafiye, na Erasmus ne, wato shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, ko na wata yarjejeniya, a kan yarda suke tsaye tsakanin makaranta da makaranta. Wake ɗaya ke ɓata gari. In biyu suka ɓace bana, baɗi a rage gurabe, ofishin jakadanci ya ƙara tsanani, kuma waɗanda suka fi shan wahalar su ne ƙannenmu mata, da da ma sai an yi ta lallashin iyaye kafin a bar su su je ko Yawunde. Kai ka wuce ta ƙofa, ka janyo ta a fuskar na bayanka.

In kuwa ka dawo, don Allah ka sauke kafaɗa. Wata huɗu ba ta isa ta sa ka manta zafin Garwa na watan Afrilu ba, balle ka riƙa cewa "can wajenmu". Ka tara 'yan ajinku ka nuna musu yadda ka cike takardu, ka raba musu littattafan da ka kwafo, ka riƙe adireshin malaman da ka sani, wataƙila ta nan masta ɗinka zai fito, ta ƙofar gaba.

Shi yaron nan na ce masa kada ya ƙara zo mini da zancen riga sai da takardar yarjejeniyarsa a hannu, da sa hannun shugaban sashe a kai. Rigar sanyi kuwa akwai tawa a ƙasan akwati, asu bai taɓa ta ba. Aro zan ba shi, kuma na gaya masa ƙanwarsa na jiranta baɗi.