Jemage ba ta baki yake kashi ba

Har yanzu ina jin manya suna cewa jemage ba shi da dubura, ta baki yake kashi, wai a tatsuniya hukunci ne aka yi masa. Maganar tana damuna, kodayake na gane tushenta: ana ganinsa rataye kai ƙasa, wani abu na faɗowa daga bakinsa.

Jemage yana da dubura kamar kowace dabba mai shayarwa. In ya samu 'ya'yan itace, taunawa yake ya haɗiye ruwan, ya tofar da sauran, kamar mai shan rake. Duba ƙarƙashin bishiyar mangwaro da sassafe, za ka ga waɗannan 'yan dunƙulen da ya tofar. In kashi ya zo kuwa, juyowa yake ya rataya da farcen fiffikensa, ya gama, ya koma kai ƙasa.