Inuwar Giginya

To, magana ta iso. Wanda ya zauna a majalisa shekaranjiya ya ce wai mai zanen da ke tsayawa gaban aikinsa yana yi wa mutane bayani ɗan talla ne, ya sani an kawo mini ita yadda ya faɗe ta, har da dariyar da ya raka ta da ita. Ban kama suna ba, ba kuma zan kama ba. Duk wanda ke harkar fenti da burushi a garin nan ya san tarihin, wanda ya tsargu kuma da shi nake.

Wai zane shi ke yi wa kansa magana. Wai shiru ma magana ce. Da a ce haka mutumin yake a ko'ina, wallahi da na girmama shi, domin akwai masu zanen da Allah bai ba su baki ba sai hannu, kuma ina ganin ƙimarsu. Amma wanga bawan Allah shirunsa na 'yan gida ne kaɗai. Yaro ɗan makaranta ya tsaya gaban zanensa ya ce, "Malam, wannan mene ne?" sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Abin da ka gani." Dattijo ya tambaya, sai ya yi murmushi ya juya baya. Amma bari a ce ga mai saye daga Abuja ko Legas, ko ga wata Baturiya daga ofishin jakadanci. Nan take bakin zai buɗe, Turanci shafi-shafi, ana bayanin dalilin kowane ɗigon fenti. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ni kuwa ina bayani, kuma da Hausa nake yin sa, kuma ba na jin kunya. A Sakkwato muke. Yawancin mutanenmu idan aka ce mai zane, abin da ke zuwa ransu shi ne mai rubuta allon shago ko mai ƙawata bayan tifa. Sannan kowa ya san malamai sun yi magana a kan surar abu mai rai, shi ya sa da yawanmu muka karkata ga launi da layi da siffofi marasa fuska. To mutum ya shigo ya ga ƙyalle babba an shafe shi da ja da ruwan ƙasa, babu mutum babu doki, an kuma ce masa kuɗinsa ya fi na babur. Ba hakkinsa ba ne ya tambaya? Idan na ce masa jan nan na jar fatar akuyarmu ne, wadda majema ke jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, wadda ta ratsa sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ba su san inda ta fito ba, sai ka ga mutumin ya matso kusa. Ya daina kallon farashi, ya koma kallon aikin. Wani lokaci ma shi zai ƙara mini abin da ban sani ba. Akwai tsohon badukun da ya dubi wani aikina ya ce jan ya yi haske da yawa, fatar da ta sha hannu ba haka take ba, sai ta yi duhu a gefe. Muka daɗe muna magana. Wanda ke juya wa mutane baya ba zai taɓa samun irin wannan ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda mutumin ke jingina da makarantar koyon zane ta Zariya. Kullum "mu 'yan Zariya", kamar shi ya kafa ta. To matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, ba bebaye ba ne. Zama suke yi suna muhawara a kan me ya sa za a koya musu zanen Turawa a bar na iyayensu. A 1960 Uche Okeke ya zauna ya rubuta manufarsu baƙi da fari, cewa a haɗa dabarun zamani da gadon gida. Ya yi zane, ya kuma faɗi dalilin zanen. Shi ma ɗan talla ne?

Idan kuma Turai ake so, mu je. Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifaniya, ya ƙi yarda a ɗaure shi a kan ma'anar bijimi da dokin da ke cikin babban zanensa na 1937, wannan gaskiya ne, kuma masu son shiru suna yawan kawo shi hujja. Amma ya sa wa zanen suna Guernica, sunan garin da jiragen yaƙi suka yi wa ruwan bama-bamai a Sifaniya a shekarar. Da sunan nan kaɗai ya gaya wa duniya inda za ta tsaya ta kalla. Ya buɗe ƙofa, ya bar mutane su shiga da ƙafarsu. Abin da nake yi ke nan. Ban taɓa ce wa kowa ga abin da dole zai ji a ransa ba. Ina faɗin inda abin ya fito, da abin da na yi shi da shi, da abin da ke damuna lokacin da nake yin sa. Saura na mai kallo ne.

Kuma ma me ya kai mu nesa? Garin nan an gina shi ne a kan sharhi. Malam Abdullahi na Gwandu da ya tattara waƙoƙinsa a littafinsa Tazyinul Waraƙat a 1813, bai jera baitoci ya yi gum ba, ya bi su yana faɗin lokacin da ya yi kowace da abin da ya jawo ta. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka su karanta wa mata su fassara musu. Waɗannan su ne manyanmu, kuma ba wanda ya ce bayani ya rage musu daraja. Sai yau wani ya zo da burushi biyu da hular gayu ya ce yi wa ɗan'uwanka bayani ƙasƙanci ne. Ƙasƙanci idan da Hausa ne, ɗaukaka idan da Turanci ne. Inuwar giginya!

Bari in bar kewaye-kewaye. Kai, wa ya zauna da kai ya rubuta maka takardar bayanin da ka fara aikawa Legas? A ɗakin wa? Da fitilar wa? Lokacin ba ka ce zane shi ke yi wa kansa magana ba. Lokacin "Yaya, don Allah duba mini" kake cewa. Na tambaye ka me ya sa ka zuba shuɗi a kusurwar nan, ka ce shi ya rage a gwangwani. Ni na zauna na yi ta jan ka da tambaya har muka samo abin da za a faɗa wanda ba ƙarya ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, kuma yau ɗin ma kai ka jawo. Har yanzu ina ganin jimlolina suna yawo a takardunka, an sauya musu riga kawai. Ban ce ka biya ni ba. Ban ce ka gode ba. Amma ka zauna cikin yaran da nake koya wa haɗa launi ka kira ni ɗan talla? Haba!

Yaran nan su ne abin da ya sa na yi magana, da don ni kaɗai ne da na share. Suna ganin ka da mota suna ɗauka abin da ka faɗa karatu ne. Ɗaya ya riga ya fara, an tambaye shi aikinsa ya ce "abin da ka gani", alhali uwarsa ce ta tambaya, wadda ta sayar da tunkiya ta saya masa fenti. Na kira shi na ce ya koma ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, kuma ya koma. Wannan ɗabi'ar ba za ta yi saiwa a hannuna ba.

Bajekoli na gaba da za a yi a garin nan, in Allah ya kai mu, zan rataya ayyukana, kowanne da takardarsa a gefe da boko da ajami, kuma zan tsaya a wurin daga safe har la'asar. Mai sayar da ruwa ya tambaya zan amsa, hakimi ya tambaya zan amsa. Kai ma ka kawo naka a rataya kusa da nawa. Takardar nan ta Turanci da kake aika wa baƙi ka zo da ita, ka karanta wa mutanen shiyarku da Hausa, su yi maka tambaya ka amsa a gabansu. Ba sai ka turo kowa da saƙo ba, ka san ƙofar gidana.